ZAUREN 'YAN MATA: Injin Busar Da Kaya, Girman Ciki Ko Saurin Aiki?

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma gyaran jiki ba. Maganar wanki da shanya na zo mana da ita, kuma wata 'yar rigima da aka yi a gidanmu ce ta jawo ta.

'Yar yayata aka sa wa rana, ana ta haɗa kayan ɗaki. Ranar wata Asabar sai ga ta ta faɗo mini ko sallamar kirki babu, idon nan ya yi jawur. Ta ce, "Anti, don Allah ki sa baki Baba ya saya mini injin busar da kaya. Mai kilo 10 nake so, irin na ƙawata da aka kai Abuja."

Na ce, "Ke 'yar nan, daga ke sai mijinki fa a gidan. Me za ki zuba a kilo 10?"

Ta turo baki ta ce, "Ai an ce babba ya fi saurin busarwa."

To fa! Uban nan nata ɗan fansho ne, gado da kujeru ma sai da ya jinginar da gonarsa. Kwana biyu ta yi ba ta cin abincin gidan a kan injin da ko sau ɗaya ba ta taɓa kunna irinsa ba. Ni kuwa na yi amfani da shi shekarun da muka zauna a Fatakwal, garin da ruwa kan kwana ya wuni yana zuba. Sai na zaunar da ita na yi mata bayani, kuma shi zan maimaita muku, domin na san cikinku akwai masu irin wannan buri.

Da farko ku sani, abubuwa uku ne ake kira diraya a kasuwa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai injin wanki mai ido biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu. Idon nan na biyu matsewa kawai yake yi, babu zafi a cikinsa, sai kin fitar kin shanya. Akwai mai wanki da busarwa a ganga ɗaya. Sannan akwai na busarwa zalla, wanda ke juya kaya yana hura musu iska mai zafi har su bushe. Amare da yawa sai an kai su ɗaki suke gane na farkon aka saya musu.

Sai maganar kilo. Lambar nan da kike gani a goshin inji, 7 ko 8 ko 9, nauyin kayan auduga ne a bushe, kafin a jiƙa su. Don ki ƙiyasta, turmin atamfa ɗaya ya kusa kilo ɗaya, babban tawul na wanka kuwa wajen rabin kilo ne. Kin ga ke nan mai kilo 7 ya wadaci mata da miji har da ɗan jaririnsu. Mai 8 ko 9 na gidan da yara suka yi yawa ne, ko mai son busar da bargo da manyan zannuwan gado.

Idan mai wanki da busarwa ne a haɗe, ki duba da kyau za ki ga lamba biyu, misali 8 da 5. Nufinsu yana wanke kilo 8, amma 5 kawai yake iya busarwa. Dalili kuwa shi ne, busarwa tana son fili, sai kaya sun samu wurin tashi da faɗuwa iska ta ratsa su. In kin cika shi da wanki, dole ki rage kusan rabi ki ajiye a bokiti, ki yi busarwa sau biyu. Ina saurin yake?

A nan ne 'yar tawa ta yi kuskure. Girman ganga yana gaya miki yawan kayan da inji zai ɗauka ne, ba ya gaya miki minti nawa zai yi. Gaskiya ne in kin zuba kaya kaɗan a babbar ganga za su ɗan fi saurin bushewa saboda sun sake, amma in kin danƙara mai kilo 10 har baki, zai fi ƙarami daɗewa, domin ruwan da zai ƙafar ya fi yawa.

To me ke kawo sauri? Abu na farko shi ne matsa. Injin wankin da ke juyawa sau 800 a minti yakan bar ruwa wajen kashi 70 cikin 100 na nauyin kayan, mai juyawa sau 1,400 kuwa wajen kashi 50 yake bari. A wankin kilo 5, bambancin ya kai lita guda ta ruwa, kuma litar nan wuta ce da lokaci. In kuwa da hannu kika matse, ruwa na ɗiga, to ki shirya zaman jira.

Abu na biyu shi ne irin injin. Akwai mai tiyo, wanda ke fitar da tururi waje ta taga ko ta huda a bango. Shi ya fi araha, kuma yana da sauri, cike da kaya yakan gama cikin kamar awa 2. Akwai mai tara ruwa a wata 'yar tanki da za ki dinga zubarwa, ba ya buƙatar huda bango, saurinsa ya yi kusa da na mai tiyo, sai dai yana ɗumama ɗaki. Na ukun shi ne mai aiki da fasaha irin ta firij, wanda ke sake amfani da zafin da ya riga ya samar. Ya fi su tsada, ya kuma fi su nawa, yakan kai awa 3, amma wutar da yake ci ba ta wuce rabin tasu ba, kuma zafinsa bai kai ya wahalar da tufafi ba. Kun ga ashe mai tsadar ma shi ne mai jan ƙafa.

Abu na uku, wanda ya fi duka, shi ne wuta. Mai tiyo da mai tanki sukan ja wat 2,000 zuwa sama. Ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, ko kusa ba zai tayar da su ba. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kayanki za su kwana a ganga da ɗumi da laima, gari ya waye suna tsami. Ga kuma kuɗi. A watan Afrilu na 2024 an mayar da yunit ɗaya na masu layin Band A naira 225. Busarwa ɗaya a mai tanki takan ci yunit 4 zuwa 5, wato wajen naira 1,000 a wancan farashin. Ki lissafa sau uku a mako, ki ga ko angon naki zai yi dariya.

Ku yi hattara kuma da na hannu da ake shigowa da su daga Amurka. Gangarsu makekiya ce, abin sha'awa, kuma ba da kilo suke auna ta ba, da faɗin ciki ne. Amma an ƙera su ne don tsarin wutar can, wanda ya bambanta da namu, wasu ma da gas suke aiki. Kada girma ya ruɗe ki ki sayo abin da zai zama teburin ajiye kwanuka.

Ba kowane tufafi ne ma ke shiga inji ba. Shaddarki mai maiƙo zafi zai kashe mata ƙyalli, leshi mai duwatsu zai zube, duk abin da ke da roba zai saki. Wadda ta riga ta mallaki injin, ta raba masu kauri da marasa kauri, kada ta haɗa tawul da mayafi, sannan ta kwashe ɓurɓushin zaren da ke taruwa a rariyar bakin ƙofa duk bayan aiki. Barinsa yana rage sauri, kuma yana iya tayar da gobara.

Ban ce injin ba shi da amfani ba. A Fatakwal ya rufa mini asiri, lokacin ina goyo, kayan jariri na kwana uku a igiya ba su bushe ba. Amma mu a Kano, in kin cire tsakiyar damina, musamman watan Agusta, rana da iska sun ishe mu, kuma ba su taɓa kawo wa kowa takardar biyan kuɗi ba. Da hunturu ma, in ƙura kike gudu, ki ɗaura igiya a cikin ɗaki, bushewar iskar kaɗai ta isa. Abin da zan roƙe ku shi ne ku daina shanya a ƙasa, kuma ku dinga guga, saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a jikin kaya masu laima, tsutsarsa ta shiga fatar yara. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan.

Da na gama, sai na aro sikeli muka auna wankinta na mako guda, bai cika kilo 5 ba. Na sa ta tambayi angon yadda wutar unguwarsu take, ya ce wata rana sai dare suke ganinta. Ta yi shiru, can ta ce, "Anti, ashe da na sa Baba ya ci bashi a banza." Da yamma ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Mai ido biyu aka saya mata, ni kuma na ƙara mata da igiya da abin maƙale kaya dozin biyu a matsayin gudummawata, aka yi ta dariya.

Don haka ƙannena, kafin ki ɗaga wa iyayenki hankali a kan abin da kika gani a ɗakin ƙawa, ki auna wankinki, ki tambayi wutar gidan da za a kai ki, ki kuma dubi aljihun mahaifinki. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wadda ke da tambaya a kan kayan ɗaki ta rubuto, ina nan ina jira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.