Jini a lokacin damina: me ya sa ledoji ke ƙarewa daidai sa'ad da aka fi buƙatar su?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, sanarwa iri ɗaya ce ke yawan zuwa gidajen rediyon karkara: ana neman mai jini kaza, ga yaro kwance a asibiti. Ba baƙon abu ba ne a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa ba ya da jini mai yawa tun farko. Kwana biyu ko uku na masassara, sai ka ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. A nan magani shi kaɗai ba ya isa, sai an ƙara jini.

Wa ke da alhakin samar da shi? A Yamai akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, CNTS, sannan akwai rassan jihohi da ake kira CRTS, kamar na Maraɗi, Damagaram da Tawa. Aikinsu ya wuce ɗibar jini kawai. Duk ledar da aka ɗiba, kamar mililita 450, sai an gwada ta a kan sida, ciwon hanta iri B da C, da tunjere, a kuma tantance rukuninta: A, B, AB ko O. Wani likita ɗan Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya gano rukunan jini a farkon ƙarni na 20, shi ya sa aka ɗauki ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, a matsayin ranar masu ba da jini ta duniya.

To amma jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira bazara. Ana ajiye shi a firigo tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma bayan kwana 35 zuwa 42 ya tashi aiki. Abin da aka tara a bikin 14 ga Yuni, kafin tsakiyar Agusta ya ƙare ko ya lalace. Ga kuma ƴan makaranta, waɗanda ake yawan samun jini wurinsu in motar cibiya ta je lise ko jami'a, suna hutu a daidai wannan lokaci. Manoma suna gona. Wutar lantarki ma ta shiga lissafi: mun ga yadda aka sha duhu a 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, firigon jini kuwa ba ya jiran a sasanta.

Saboda haka nauyin yake komawa kan dangi. A ce wa uba ya kawo mai ba da jini, shi kuwa ya baro ƙauyensa da nisa, ƴan'uwansa majiya ƙarfi suna ci-rani a Libiya, Abijan ko Legas. Kuɗin da za su aiko zai sayi magani ya biya mota, amma ba zai zama jini ba. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ta fi shiga haɗari, don ita cikin awoyi kaɗan za a iya rasa ta. Masu ciwon sikila su ma suna cikin layi, shekara duka.

A ganinmu, babban cikas yana cikin zukata. Wasu na cewa in ka ba da jini ƙarfinka ya tafi ke nan. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5, ruwan abin da aka ɗiba yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin ƴan makonni. Wasu kuma na cewa sayar da shi ake yi. Wannan zargi bai kamata a share shi da fushi ba. Hukumomin asibiti ne ya dace su riƙa bayyana wa jama'a abin da ake biya da abin da yake kyauta, a rubuce kuma a rediyo, don inda aka yi shiru nan ƴan kamasho ke samun kasuwa. Tun 1975 hukumar lafiya ta duniya OMS ta nemi ƙasashe su dogara da masu bayarwa don Allah, saboda wanda ke neman kuɗi yakan ɓoye ciwonsa.

Ma'aunin da aka saba ambata shi ne mutum 10 cikin 1000 su riƙa bayarwa. Ƙauye mai mutum 2000, mutum 20 ke nan. Sharaɗin ba mai wuya ba ne: shekara 18, kilo 50, lafiyar jiki, namiji duk wata 3, mace duk wata 4. Fada ɗaya ta samari ko jam'in Juma'a ɗaya zai iya cika wannan adadi, in mai gari da liman suka fara miƙa hannu. Ku kuma da ke waje, in kun bugo waya gida a wannan damina, ku tambayi ƙannenku ko sun san rukunin jininsu, kuma wa ke riƙe da sunayensu in an buƙace su da tsakar dare.