Marubucin Gida da Haƙƙin Ƙailula

Ma'aikacin ofis yana da lokacin tashi, amma marubucin da ke aiki a ɗakinsa ba shi da shi. A Sakkwato kuwa, wutar lantarki ce ke tsara masa lokaci. Idan aka kawo ta ƙarfe 11 na dare, sai ya zabura ya kunna kwamfuta har kiran assalatu, domin bai san sa'ad da za a ɗauke ba. Gari na wayewa, mutanen gida na ganin ai zaune kawai yake, sai aike da ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa su cinye yinin.

Haka na rubuta kundin digirina na biyu. Babin da na fi kwana a kansa shi ne wanda ya fi shan jan biro a hannun malamina.

Lamarin ya wuce gurguwar jimla. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya danganta mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, sanadin bugun jini da ciwon zuciya, da yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Abin mamaki, ba baƙon ilimi muke nema ba. Makarantar allo ma tana hutun Alhamis da Juma'a, kuma ba wanda ya kira malaminta rago. A garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙailula tana cikin aikin. Ni dai yanzu, daga azahar zuwa la'asar kwamfutata a rufe take, ko da wuta.