Takardar likita ba laya ba ce

Mu malamai da wuri muke gane yaron da tramol ya kama, amma in likita ne ya rubuta ƙwayar, sai mu kau da kai. Wata abokiyar aikina ta dawo daga waje da phentermine, maganin rage ƙiba, dangin amfetamin, wanda ake rubutawa don ƴan makonni kawai. Wata shida tana sha. Barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa, ranar da ya ƙare sai faɗa da ɗalibai. Mu kuwa sai yabon ramarta muke. Na yi nadamar shiruna. Iyaye, malamai, in naku ya ƙara adadi da kansa, yana ɓoyewa, ya kasa bari, ku raka shi wurin likita. Kada ya yanke shi kaɗai.