Ra'ayinmu: A Ceci Rai Tukuna, A Tsara Biyan Bashi Daga Baya

A masarautar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, mafi yawan magidanta dukiyarsu ba a aljihu take ba. Tana cikin rumbu, ko a turke, ko a buhun riɗi da zoɓo. Idan hatsarin babur ya auku da dare, ko naƙuda ta zo da gardama, sai a garzaya Babban Asibitin Gumel, wani lokaci a tura mara lafiya Dutse ko Kano. Bayan an samu kansa sai lissafi ya biyo: kuɗin mota, gwajin jini, ƙarin ruwa, magani, tiyata.

Hujjar majinyata mai ƙarfi ce. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wanda ɗansa ke zubar da jini ba ya iya ciniki, ba ya ma tambayar farashi. Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne a kora san noma kasuwar Maigatari ranar Alhamis a sayar da shi a wulaƙance, domin mai saye ya san halin da ake ciki. Da damina, rasa san noma guda na iya cinye amfanin shekara.

Su ma asibitoci suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a saurare ta. Dokar ta hana korar mara lafiya, amma ba ta ce magani kyauta ne ba. Maganin da ke ɗakin ajiya da kuɗin jujjuyawa ake sayo shi: abin da wannan ya biya da shi ake tanadar wa na gaba. Idan bashi ya taru, wanda aka kawo gobe shi zai tarar babu allura babu ruwa.

Ra'ayinmu shi ne, giɓin da ke tsakanin doka da aljihun talaka nauyin hukuma ne, bai kamata a bar ma'aikaciyar jinya da ɗan'uwan mara lafiya suna jayayya a kansa da tsakar dare ba. Dokar 2014 ɗin ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Jama'ar wannan yanki suna da haƙƙin sanin nawa ne ke isowa asibitocinsu. Ya kamata kuma Hukumar JICHMA ta jihar Jigawa ta kai rajistar inshorar lafiya kasuwanni da ƙauyuka, ta yarda manomi ya biya da kaka, lokacin da yake da abin biya.

Kafin nan, a ba kowane majinyaci lissafinsa a rubuce dalla-dalla tare da rasit. Kada a tsare wanda aka sallama saboda bashi. Mai hali ya biya nan take, mai ƙaramin ƙarfi a yarje masa biya kaɗan-kaɗan bisa shaidar mai unguwa ko dagaci. Wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa, gwamnati da kwamitocin zakka na masarauta su mayar wa asibiti kuɗinsa cikin wa'adin da aka sani.