Zuwa ga 'Yan'uwa Masu Rufin Faiba a Birtaniya, da Shigowar Sanyi



Na rubuto ne musamman ga ƙannenmu da suka shiga wannan sana'a a London da Manchester da Birmingham da sauran garuruwa, waɗanda yanzu suka fara karɓar aiki da sunansu. Magabata a sana'ar sun riga sun san abin da zan faɗa, su yi mini afuwa.

Daga Nuwamba waya za ta fara ƙara. Silin ɗin kicin ya jiƙe, gareji na ɗiga, uwargida ta jera bokitai. Kowa so yake a zo yau a gama yau, ku kuma kuna da kuɗin haya a wuya. Roƙona gare ku shi ne kada matsin mai gida ko na aljihu ya sa ku zuba rezin a ranar da ba ta karɓar rezin. Galibin rufin faiba da ake kwarewa a sake tun bai tsufa ba, ranar da aka shimfiɗa shi aka kashe shi.

Dalilin yana cikin yadda kayan ke aiki. Rezin ɗin da muke amfani da shi ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Katalis ɗin da ake ɗigawa a ciki shi ke tayar da haɗuwar sinadaran har su daskare, kuma wannan haɗuwa tana son ɗumi, tana ƙin ruwa. Shi ya sa masu yin kayan suka sa iyaka a digiri 5 na ma'aunin Selsiyas. Ƙasa da haka daskarewar kan ja jiki, wani lokaci ta tsaya a rabi. Sama ya yi tauri har ka taka, ciki kuwa ɗanye. Kuma sanyin katakon da za a shafa shi ne abin aunawa. Waya na iya nuna digiri 7, alhali katakon da ya kwana a fili, a inuwar bangon maƙwabci, bai kai 3 ba. Ɗan ma'aunin zafin nan da ake haska wa abu ba shi da tsada, ku riƙa yawo da shi a aljihu.

Sai maganar katalis, inda na fi ganin ana ɓarna. Ƙa'ida ita ce kashi 1 zuwa 4 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 40 a kowane kilo na rezin. Da rani ana tsayawa ƙasa, da sanyi a hau zuwa 3 ko 4. Wasu idan sanyi ya tsananta sai su ƙara hannu, wai don ya kama da wuri. Wuce 4 ba ya sayo muku ɗumi, rufi mai gautsi kawai yake bari, wanda zai tsage da ya sha sanyi da rana. Akwai katalis na musamman na lokacin sanyi mai saurin aiki, shi za ku nema. Ku auna da kofin awo, a daina kintace da ido. Haka kuma rezin kan yi kauri idan ya kwana a mota, ya ƙi shiga tabarmar gilashi. Kada ku kuskura ku tsinka shi da asiton. Ku kwanar da gwangwanayen a wuri mai ɗumi su tashi da laushinsu. Kuma ban da wuta: rezin da asiton duk masu kamawa ne, wanda ya kusanto su da tocilan gas don ya ɗumama su yana wasa da ransa da gidan mutane.

Ruwa ya fi sanyi sharri. Katakon OSB3 da ya sha raɓa, ko da ido bai gani ba, ba zai riƙe faiba ba. Idan kuwa yayyafi ya sauka a kan rezin da bai kama ba, za ku ga ya yi fari fat kamar madara, wannan wurin ya tashi daga aiki, sai a kankare a sake. A gida ma ba mai yaɓen soro ruwa na zuba, tun bazara ake gamawa a gyara indararo. Bambancin kawai a nan damina da sanyi tare suke zuwa, ranar kuma gajeruwa ce. A Disamba rana kan fito a London wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu. Da safe katako na jiƙe da raɓa ko farin sanyi, da yamma raɓar ta dawo. Abin da ya rage muku 'yan sa'o'in tsakiya ne. Shawarata, da lokacin la'asar ya shiga, wanda a wannan wata ba ya kaiwa ƙarfe biyu, ku rufe gwangwani. Abin da kuka shimfiɗa yana bukatar sauran hasken ya kama kafin sanyin dare. Ku duba hasashen yanayi na Met Office awa bayan awa, ku ajiye babbar leda a gefe, ku riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan, kuma kada ku kafa katakon da ba za ku iya rufewa da faiba a ranar ba.

To idan ranar ba ta yi ba, sai a juya a bar mutane cikin ɗiga? A'a. A nan ne ma ake gane gwani.

Da farko a gano inda ruwan ke shiga, domin tabon silin ba kasafai yake daidai da ramin ba. Ruwa na bin katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Ku fara da magudana da bakin bututu, inda ganyen kaka da gansakuka ke toshewa har ruwa ya taru ya haura gefe. Ku duba dalmar da aka cusa a bango, ko simintin da ya riƙe ta ya zube. Ku duba kusurwoyi, da mahaɗar gyaffan roba, da kewayen tagar sama da bututun da ya huda rufin. Sau da yawa tsakiyar faiban lafiya lau take, laifin yana gefe. Ƙaramar tsaga kuwa kada ku raina ta da sanyi. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kowane dare yana ƙara buɗe bakinta.

Akwai kuma jiƙewar da ba daga sama take ba. Da sanyi mutane na rufe tagogi, su kunna hita, su yi girki, su shanya wanki a ɗaki. Tururin ya hau ya tarar da katako mai sanyi, ya koma ruwa, ya ɗigo. Rufin da aka sa wa abin tare sanyi a ƙarƙashin katako yana bukatar sararin iska na milimita 50 da kafofin shaƙa a gefe. In an toshe su, katakon ruɓewa zai yi daga ciki. Alamarsa, ɗigar takan zo a safiyar sanyi mai tsanani ko da ba a yi ruwa ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya sake shafe saman irin wannan rufi bai gyara komai ba, kuma Allah na gani.

Bayan an gano, a yi toshiyar wucin gadi: tamfol da aka ɗaure da kyau, ko tef mai ɗanko, ko irin shafen gaggawa da ke kama wuri mai laima. Ku nisanci kwalta da silikon, domin rezin ba ya kama su, ran da kuka dawo gyara na gaskiya sai kun sha wahalar kankare su. Sannan ku gaya wa mai gida a fili, in da hali a rubuce, cewa wannan toshiya ce, cikakken gyara sai an samu busasshiyar rana. Wasu za su ji haushi su kira wani. Ku bar su su kira. Wanda ya zauna da ku ya samu rufi, ku kuma kun samu mutumin da zai ba maƙwabcinsa lambarku.

Ran da aka dace da rana, ga yadda nake son ganin faci. A taka wurin tukuna. Idan katakon ƙasa ya yi laushi, a yanke a sa sabo, ba a ɗora faiba a kan ruɓa. In da ƙarfinsa, a goge fentin sama da samfefa mai kaushi, lamba 40, har zaren gilashi ya bayyana, a zarce tsagar da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. A share ƙura, a goge da asiton, a bari ya sha iska. A shafa rezin, a ɗora tabarma mai nauyin giram 450, a ƙara rezin, sannan a bi da rolar ƙarfe a hankali har farin tabarmar ya ɓace, ba kumfar iska ko ɗaya. Wannan birgimar ita ce aikin, kuma ita hannu mai sanyi ke son gajartawa. Duk farin da kuka bari, nan ƙananan huji za su fito. Idan ya kama, a ɗan goge, a shafa fentin sama, kimanin rabin kilo a murabba'in mita. Kada a labta shi, mai kauri shi ke fara tsagewa. In ya wuce kwana guda kafin ku shafa, sai an sake gogewa da samfefa da asiton, in ba haka ba zai ɓare.

Idan kun tarar ruwa na kwanciya a tsakiyar rufi, ku sani gangara ce ba ta isa ba. Ƙa'idar Birtaniya ta nemi a ƙalla 1 cikin 80 bayan an gama, shi ya sa ake tsarawa da 1 cikin 40. Faiba mai kyau na jure kwantaccen ruwa, amma gyaran gangara na rani ne, a rubuta shi a ajiye. Ƙarar da wasu masu gida ke ji da dare kuwa, kamar an buga guduma, yawanci takurewar sanyi ce, musamman inda ba a bar sararin milimita 25 tsakanin katako da bango ba, ko babban rufi da ba a yi masa mahaɗar motsi ba.

Saura ranku. Faiba mai raɓa santsi ne da shi, mai farin sanyi kuwa ya fi haka, kuma rufin kicin mai tsayin mita uku ya isa ya karya baya. Faɗowa daga sama na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ma'aikata a ƙasar nan, dokar aiki a bisa ta 2005 kuma ta hau kan mai aikin kansa kamar yadda ta hau kan babban kamfani. A ɗaure tsani, a sa shinge a gefe, kada mutum ya hau shi kaɗai ba wanda ya sani. Dusar ƙanƙara in ta zama dole a kwashe, da tsintsiya mai laushi ko shebur na roba, na ƙarfe yana kwarzane fenti. Katalis kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, don haka tabarau da safar hannu ba a cire su don yatsu sun ƙage, kuma a ajiye ruwan wanke ido a kan rufin, kusa da inda ake kwaɓi. Yaran da ke koyo a hannunku, iyayensu amana suka ba ku. Ranar da rufi ya yi santsi, ku bar su a ƙasa suna yankan tabarma.

Allah Ya tsare, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.