Farce Ya Tona Asirin Jahilcinmu

Ya 'yan uwa matasa, makon jiya a wata majalisa a Ƙauran Namoda wani ƙanenmu ɗan sakandare ya yi tambaya: me ya sa farcen biri ya yi kama da namu, alhali na kyanwa ƙugiya ne? Maimakon amsa sai aka rufe shi da faɗa, wai ya fara karatun kafirai. Kaico! Yaro ya tashi da tambayarsa, mu kuma muka tashi da jahilcinmu.

Alhali duk wanda ya taɓa kallon mai wasa da biri a kasuwar Shinkafi ya ga abin da yaron ya gani. To ga bayanin masana halittu. Farce da kofato da akaifar kyanwa duk da sinadari ɗaya aka yi su, sunansa keratin. Suka ce magabatan birai akaifa mai lanƙwasa gare su, da suka koma riƙon ƙananan rassa sai kan yatsu ya faɗaɗa, akaifar ta baje ta zama farce mai tallafa wa riƙo. A 2011 an bayyana ƙasusuwan yatsun wata 'yar dabba, Teilhardina, da aka tono a Wayomin ta Amurka, masu shekaru kusan miliyan 55, ɗauke da alamar farce. Har yau dangin birai na Madagaska suna da akaifa guda a yatsan ƙafa na biyu, da ita suke susa.

Sannan mu daina cewa Darwin ya ce birin yau ne ya haife mu. A littafinsa na 1871 cewa ya yi asalinmu ɗaya. Mai son yi masa raddi, da malamai da hujja, sai ya fara sanin me ya faɗa. Zagi ba raddi ba ne!

Shin ba Suratul Ƙiyama ce ta ja hankalinmu ga kan yatsu ba? Shin Jahiz na Basra bai rubuta Kitabul Hayawan ba, sama da shekaru dubu da suka wuce? To wa ya haramta mana bincike?

Yau mun kori yaro daga darasin halittu, gobe a Zurmi wa zai duba mana iyayenmu mata a asibiti? Mu nemo shi, mu ba shi haƙuri, mu buɗe littafin tare.