Wai Humra Ce Ƙauyanci?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ba ne illa hidimar bikin 'yar yayata da muka sha a Tumfure, wanda Allah cikin ikonSa an yi lafiya an tashi lafiya. To amma akwai wata magana da aka yaɓa mini a wajen kamu wadda har yau ta ƙi barin zuciyata, na ce gara in amayar da ita a nan ko na samu in yi barci.

Ina zaune sai ga wata yarinya, ɗiyar ƙawata ce, ma'aikaciyar banki, mai hankali wallahi, ta durƙusa ta gaishe ni. Sai ta ɗan shaƙi mayafina ta yi dariya ta ce, "Anti, ke da kika yi shekara goma sha ɗaya a Ingila, har yanzu humra kike shafawa? Ai na ɗauka an bar wa su Goggo." Ta zuge jakarta ta fito da 'yar kwalba irin mai ƙwallo a baka, an liƙa mata takarda da sunan wani turaren Faransa, ta ce in gwada wannan in ji na zamani. Na karɓa na shafa a bayan hannu, na ce mata Allah Ya yi albarka. A gaban mutane ba a yi. Amma a nan zan yi.

Kafin in ɗora wa yarinyar laifi, bari in fara da kaina, domin ni ma na taɓa wannan wautar, kuma tawa ta fi tata muni tunda ni da girmana na yi. Shekarata ta farko a Leicester, na tafi da kwalbar turaren wuta da mahaifiyata ta haɗa mini. Ranar da na fara kunnawa na'urar gano hayaƙi ta gidan ta ɗauki kuka har maƙwabta suka fito. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ranar da wata abokiyar aikina Baturiya ta tambaye ni, cikin ladabi irin nasu mai yanka, ko wani abu ya ƙone a gidana ne, don rigar sanyina tana warin hayaƙi. Daga ranar na tura kwalbar can ƙarƙashin gado, na je kanti na sayi turaren fesawa, na koma ina ƙamshi kamar kowa a cikin bas. Bayan 'yan shekaru, ita dai wannan matar ta shigo ofis tana miƙo mini wuyan hannunta wai in ji sabon turaren da mijinta ya saya mata, wai sunansa "oud". Jama'a, ƙamshin ɗakin kakata ne, sai dai an rage masa ƙarfi an ninka masa kuɗi. Kamfanin Yves Saint Laurent ya fito da M7 a 2002, Tom Ford ya biyo da Oud Wood a 2007, daga nan kowane babban kamfani ya shiga rububin itacen da mu da Larabawa muka daɗe muna ƙonawa a kasko. Hayaƙin da na ji kunyarsa ya zama abin yayi, amma sai da Bature ya sa masa hannu tukuna na samu ƙarfin halin jawo kwalbata daga ƙarƙashin gado. Wannan abin kunya ne, kuma na faɗa da bakina.

To yanzu mu dawo kan 'yar kwalbar nan ta zamani. Mai karatu ya shiga Babbar Kasuwar Gombe ko ya bi ta Sabon Layi, zai ga shagunan masu madarar turare, manyan kwalabe jere a kanta, kowace da sunan wani shahararren turare. Babu wanda ya isa ya ce mini kamfanin Faransa ne ya aiko da su. Kwaikwayo ne da ake haɗawa a masana'antu, ya shigo ƙasar nan a gwangwanaye, ya bi hannu uku ko huɗu, kuma ba abin mamaki ba ne wani hannun ya ƙara masa ruwan tsinkawa mara wari irin wanda ake kira DPG don ya yi auki. Ko "oud" ɗin da ke ciki na sinadari ne, domin itacen gaske ya yi ƙaranci har an sa shi cikin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da namun daji tun 1995. Ni ban ga laifin mai sayarwa ba, neman halak ɗinsa yake, ban kuma ga laifin ɗan makarantar da kuɗinsa iya nan suka kai ba. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai riƙe da jabu a hannu yana yi wa mai riƙe da na gaske dariya.

Humrar da ke jikin mayafina a ranar, na san hannun da ya haɗa ta. Wata dattijuwa ce Babarbariya da muke kira Hajja, tana zaune a Pantami, ta baro Bama a 2014 lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram. Ba ta fito da komai ba sai jikoki da abin da ke cikin kanta. Na sha zama a tsakar gidanta ina kallon aikin, kuma ina ma a ce yarinyar nan ta zauna ko na wuni ɗaya. Farce kaɗai ya isa ya koya wa mutum ladabi. Ga wanda bai sani ba, farce murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ya yi kama da farcen yatsa, kuma ɗanyensa ƙarni yake kamar kasuwar kifi. Sai an jiƙa shi, an kankare sauran naman da ke manne da shi ɗaya bayan ɗaya, an wanke, an shanya, sannan a soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras, a daka. Idan wuta ta yi yawa ya ƙone, an yi asara. Idan ta yi kaɗan ƙarnin ya zauna, an ɓata tukunya guda. Shi ne kuma ke riƙe ƙamshin sauran kayan ya hana shi gudu. Daga nan a kawo garin sandal, da mahalab, da kanumfari, da miski, a kwaɓa, a turara kwaɓin da hayaƙin itace har ya sha, sannan a tsinka da ruwan turare, a rufe a ajiye. Hajja ba ta sayar da wadda ba ta yi makonni tana tsumuwa ba, ko nawa za ka ba ta. Babu sikeli, babu littafi. Hancinta ne ma'auni, kuma wanda ta yi mini bara da na bana ba su saɓa ba.

Sannan a zo ga sawa a jiki, wanda nan ne ake raba gardama. Duk wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu ya san yadda rana take dukan mutum. Turaren fesawa yawancinsa sifirit ne, shi kuwa sifirit zafi ya gani ya tashi. Na fesa na kanti mai tsada a Tudun Wada, na hau Keke Napep, kafin in sauka a Jekadafari babu shi babu dalilinsa, sai ni da gumina. Humra kuwa zafin jiki ne abincinta. Da safe tana da ɗan kaifi, kanumfarin ne ke gaba. Wajen azahar ta kwanta, sandal ya fito, mai laushi kamar madara. Da magariba sai wani ɗumi mai ɗan gishiri-gishiri ya rage a fata, wannan aikin farce ne, kuma na fi son wannan lokacin fiye da duka. Idan aka haɗa da kayan da aka turara a kan kabbasa, mayafi sai ya yi kwana uku a rataye yana gaya wa ɗaki wadda ta sa shi. Na yarda, akwai masu zubawa kamar za su yi wanka da ita har su hana na kusa numfashi a cikin mota, kuma malamai sun daɗe suna jan kunnenmu mata a kan fita da ƙamshi mai tashi. Wannan laifin hannu ne mai nauyi, kuma masu fesawa ma suna yi.

Na san abin da wasu za su ce: ai ita ma humrar ba tamu ba ce. Gaskiya ne, kuma ba na ɓoyewa. Sunan ma daga Sudan ya zo, ya biyo hanyar alhazan ƙasa ta Chadi ya sauka a Borno, tare da dilka da sauran kayan gyaran amare. Sandal na Indiya ne, farce daga Bahar Maliya, mahalab daga ƙasashen Larabawa, har ruwan turaren da ake tsinkawa da shi sau da yawa na Faransa ne. Kajiji ne dai namu na fadama. To sai me? Faransa ma ba ta noma sandal, amma babu wanda ya ce turarenta na Indiya ne. Mai haɗi shi ne mai turare. Kuma cinikin bai taɓa zama hanya ɗaya ba: jibda, wadda ake samu daga jikin tunkun jibda, daga Afirka Turawa suka riƙa sayenta suna zubawa a manyan turarukansu. Bintu Sudan da iyayenmu suka yi yayi, wani kamfanin Ingila ne, W.J. Bush, ya fito da shi a 1920 don ya dace da hancinmu, har aka zo ana haɗa shi a Kano. Wato shekara ɗari da suka wuce Bature ya san ƙamshinmu kuɗi ne. Mu ne har yau muke tantama.

Haka zancen yake a kan gashi. Muna yara ana tsokanar 'yan matan Fulani masu kawo nono da cewa kansu na warin man shanu, alhali kitsonsu na taɓa kafaɗa namu kuwa ko ribom ba ya kamawa. Karkar, wanda ake yi da man riɗi da kitse da kakin zuma a ƙamsasa shi, da chebe na matan Larabawan Chadi, sai da bidiyoyinsu suka zagaya YouTube, matan Amurka baƙar fata suka fara saye da dala, sannan 'yan bokonmu suka gano ashe abin kirki ne. Riɗin kuwa ga shi nan buhu-buhu a Tudun Hatsi.

Amma kada masu sana'ar su ɗauka na zo yi musu kirari ne kawai, domin a nan gashin ne aka cuce ni. Bara na sayi wani man kitso a hannun wata mai talla a WhatsApp, wai karkar ne na asali, ƙamshi kamar ka lasa. Kwana biyu da shafawa fatar kaina ta ɗauki ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso mini a goshi da bayan kunne, sai da na tsefe kitson da ban daɗe da yi ba na je asibiti. Likita ya tambaye ni me ke cikin man. Na juya robar gaba da baya, babu komai sai sunan shago da lambar waya. Da na kira ta, ta ce sirrin sana'a ne. Sirri! A kan fatar kaina! Yanzu kowace yarinya ta yi ajin kwana uku a waya sai ta zama "mai turare", ta sayi madara mafi araha ta antaya a cikin man da ba ta san asalinsa ba. Tarayyar Turai ta haramta wani sinadarin ƙamshi mai suna Lilial a kayan shafa tun Maris 2022 saboda fargabar illarsa ga haihuwa. Wa zai gaya mini babu shi a robar da na saya? Hukumar NAFDAC tana nan tun 1993, kuma kayan shafa na cikin abin da doka ta ɗora mata, amma mai sayen ma ba ta tambayar lamba. Rubuta abin da ke cikin roba ba ya tona sirrin kowa, tunda ba a ce ki faɗi awo ba.

Su kuma masu gudun karkar su ruga wajen man miƙar da gashi don yana da kwali mai hoto, su ma su saurara. A Oktoba 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, suka fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin matan da ba sa amfani da irin wannan mai, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70, a cikin masu yawan amfani da shi kuwa kashi 4.05. Su da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su ce sun kama ɓarawo da hannu ba. Amma mu da muke zaunar da 'yar shekara shida a shafa mata don sallah, ya kamata ƙirjinmu ya buga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciniki. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, duk kayan haɗin Hajja da ke zuwa daga waje suka ninka. Amma matar da za ta shiga babban kanti ta biya abin da aka rubuta ba tare da ta ce uffan ba, ita ce za ta zauna a tabarmar Hajja ta yi awa guda tana "haba Hajja, a rage mana", ta kuma tafi da bashi. Jikokinta mata biyu babu wadda ke son zama kusa da kaskon suyar farce, sun ce wahala ce ba riba, kuma da wane baki zan ce sun yi ƙarya?

Shekaranjiya yarinyar nan ta kira ni. Wai mayafin da na ara mata ranar kai amarya har yanzu yana ƙamshi, abokan aikinta sun dame ta da tambaya, don Allah in sayo mata. Na ce to. Sai ta ƙara da cewa za ta aiko da wata tsohuwar kwalbar turarenta ta waje a zuba mata a ciki, don ta riƙa ajiyewa a jaka. Na kai wa Hajja saƙon yadda yake. Ta juya kwalbar a hannunta, ta shinshina murfin, ta miƙo mini ta ce, "Yarinyata, ce mata ta zo da ƙafarta. Ni a kwalbata nake zubawa."